Gas Mai Warin Ruɓaɓɓen Ƙwai: In Sayi Gawayi Mai Magani Ko In Jiƙa Nawa da Soda?

"Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ne mai kula da injuna a wata 'yar masana'antar sarrafa kaji a bayan garin Kaduna. Muna tara kashin kaji da ruwan wanke-wanke a rufaffen rami, gas ɗin da ke fita muna kunna janareto da shi. Matsalar ita ce gas ɗin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, man inji yana saurin lalacewa, salansa ta huje sau biyu. Na cika durom da kabon irin na masu fiya wata, kwana huɗu wari ya dawo. Wani dila ya ce in sayi wanda aka sa wa magani, amma kuɗinsa ya ninka. Da gaske akwai bambanci, ko zan iya jiƙa nawa da sodar sabulu in huta?"

Wa alaikumus salam Malam, amin summa amin. Tambayarka guda ce a baki, amma uku ce a ciki: me ya sa kabon ɗin fiya wata, wato gawayin tacewa, ya gaza, mene ne aikin maganin da ake sa wa gawayi, sannan ko gawayi ne ma ya kamata ya ɗauki wannan kaya tun farko. Ta ukun ta fi sauran nauyi, ita ce kuma dila ba zai tayar maka da ita ba, tunda ba ta cikin cinikinsa.

Warin da kake ji na wata iska ce da ake rubutawa H2S, haɗin haidurojin da farar wuta. Ƙananan halittun da ke ruɓar da kayan cikin ramin ne ke fitar da ita, kashin kaji da jini da gashi kuwa cike suke da farar wuta. Idan ta shiga inji ta ƙone sai ta koma SO2, haɗin farar wuta da oksijin, wadda in ta haɗu da danshi take zama asid, dangin ruwan batir. Shi ne ya ci maka salansa, shi ne kuma ke tsinka man inji. Ka leƙa akwatin wayoyin wuta da ke kusa da ramin, za ka tarar jan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin. Na taɓa gane inda gas ke yoyo a wata masana'anta ta zoben azurfar wani ma'aikaci, wanda ya baƙanta a hannunsa cikin mako guda.

Kafin in wuce, wannan iska tana kisa. Ana auna ta da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Hanci yana jin ta tun ba ta kai ppm 1 ba, amma da ta kai wajen 100 zuwa 150 sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta tafi alhali ƙaruwa ta yi. Daga 700 zuwa sama, shaƙa kaɗan ke kayar da ƙato. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a rami da kwata da gindin tanki take kwanciya. Kada ka yarda wani yaronka ya gwada tsabtar gas da hanci.

Abin da ya sa na fiya wata ya gaza

Gawayin tacewa ba gawayin girki ba ne. Ana ɗaukar ɓawon kwakwa ko na ƙwarar manja ko katako ko kwal, a mayar da shi gawayi, sannan a bi shi da tururi mai zafin digiri 800 zuwa 1000 har cikinsa ya hudu da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In aka shimfiɗa bangon waɗannan ramuka, giram ɗaya kan ba da fili wajen murabba'in mita 1000. Wannan bango yana riƙe abubuwa masu girman ƙwaya da nauyi sosai, shi ya sa yake cire ɗanɗano da launi da kulorin a ruwan sha. Ita kuwa H2S ƙarama ce, marar nauyi, ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri. Saukarta a kan gawayi kamar saukar ƙuda ce a kan tabarma: ta taɓa, ta tashi. Ga kuma tururin ruwa da sauran tarkacen gas suna ture ta daga ɗan wurin da ta samu.

Akwai gwajin da masu sayar da irin wannan gawayi ke kafa hujja da shi, ASTM D6646, wanda ke nuna giram nawa na H2S kowane kubik santimita na gawayi zai sha kafin iskar ta fara ɓullowa ta ɗaya gefen. Gawayi marar magani kan tsaya wajen 0.02 ko ƙasa da haka. Mai soda kan kai 0.14. To ka ga dila bai yi maka ƙarya ba, bambancin ya kai ninki bakwai. Dabarar ma tsohuwa ce. A 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, masanin Rasha Nikolai Zelinsky ya sa gawayi a abin rufe fuska don kare sojoji daga gas mai guba, ba da jimawa ba kuma aka gano cewa wasu gubobin ba sa tsayawa sai an ƙara wa gawayin sinadarin jan ƙarfe.

Aikin maganin, da duwatsun murhu uku

Mutane suna ɗaukar gawayi mai magani kamar soso mai shanye datti. Ya fi kama da murhu, wurin da ake dafa iskar ta koma wani abu daban. Danshin da ke cikin gas yana shafe bangon ramukan da ɗan siririn ruwa. H2S ta narke a ciki. Maganin, in mai kaifin toka ne, ya tsinka ta ya hana ta tashi. Sai oksijin ya zo ya ƙwace haidurojin ɗinta, a sami ruwa da farar wuta tsantsa: 2H2S + O2 → 2S + 2H2O. Farar wutar daskararriya ce, a nan cikin ramin take zama har ya cika. In ka fasa ƙwayar gawayin da ya gama aiki da kyau, za ka ga cikinta ya yi ɗorawa-ɗorawa, ta kuma fi sabuwa nauyi a tafin hannu.

Tukunyar nan duwatsu uku ke riƙe da ita: danshi, oksijin, da lokacin da gas ke ɗauka yana ratsa gawayin. Ka cire guda, ko wane irin magani ka saya, tukunya ta kife. Yawancin gawayin da aka kira ni a kansa ana cewa jabu ne, da na duba sai in tarar ɗaya daga cikin ukun nan ne babu.

Magungunan kansu iri-iri ne. Akwai soda da ɗan'uwanta na fotash, wato NaOH da KOH, waɗanda suka fi yawa a wuraren da ake tsotse iska mai wari daga kwatami da matattarar ruwan datti. Akwai K2CO3, wanda kusan shi ne ƙarfin da ke cikin ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa. Akwai gishirin aidin, KI, mai hanzarta aikin oksijin, mai kuma sa a tsaya a farar wuta maimakon a zarce zuwa asid. Akwai masu jan ƙarfe ko tutiya ko tsatsar baƙin ƙarfe, waɗanda ke kama farar wutar kai tsaye, su ake nema inda babu oksijin sam ko ba a yarda a saka shi ba, sai dai tsada. Sannan akwai wanda ba a jiƙa shi da komai ba, an dai gyara jikin gawayin da naitirojin tun wajen gashi. Shi yakan kai H2S har zuwa asid, ana kuma iya wanke shi da ruwa a sake amfani da shi, amma ruwan wankin asid ne, sai an kashe kaifinsa kafin a zubar.

Ka yi hattara wajen oda. Akwai gawayin da farar wuta ce maganin da aka sa masa, aikinsa kama zaiba a cikin iskar gas. Sunayen biyu suna kama a takarda, na kuma ga inda aka sauke buhunansa a sito ana murna an samu da araha.

Batun jiƙawa da soda

Ana iya yi, ɗalibai suna yi a ɗakunan gwaji a Zariya da nan Kaduna, yana kuma ƙara ƙarfin gawayi. Amma ban ba ka shawarar yi a kan gas ɗinka ba, dalilina na farko kuma ba na ƙwarewar hannu ba ne. Gas ɗin rami irin naka kusan kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari mitan ne, wato iskar da ke ci da wuta, mafi yawan saura kuma CO2, iskar da muke fitarwa a numfashi, sau da yawa kashi 30 zuwa 45. Soda ba ta bambanta H2S da CO2. Ka aje ta gaban iskar da CO2 ya fi H2S yawa sau ɗari ko fiye, ai kafin ta yi maka aikin kirki ta riga ta koma wani gishiri mai rauni. Shi ya sa masu wannan harka suka fi karkata ga mai K2CO3 ko mai aidin a kan irin wannan gas, su bar mai soda ga iskar wari ta sarari.

Na biyu, awo. Masana'antun da ke yin sa sukan tsaya wajen kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin gawayin, a baza shi daidai, a busar a hankali. A durom ɗin bayan gida wani sashe zai sha da yawa ramukansa su toshe, wani ko ɗigo bai samu ba, gas kuwa zai bi ta inda ya fi sauƙi. Ga ƙunar hannu da ido. Na uku shi ne wuta, zan zo kanta.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a taɓa aljihu

Ba ka faɗi yawan H2S ɗin ba, ina kuma zaton ba a auna ba. Bari mu ƙaddara misali, ka musanya da naka alƙaluman. A ce janareto yana shan gas kubik mita 20 a awa, awa 10 a rana, gas ɗin kuma yana ɗauke da ppm 2000, wanda ba abin mamaki ba ne a kashin kaji. Kowane ppm 1 na H2S kusan miligiram 1.4 ne a mita guda, ke nan giram 2.8 a kowace mita. Mita 200 a rana ta ba ka giram 560. In gawayin ya sha kwatan nauyinsa, wanda sai mai kyau a yanayi mai kyau, kilo 100 zai ɗauke kilo 25, ya ƙare cikin kwana 45. In injin ba ya hutawa dare da rana, bai kai mako uku ba. Ka buga kuɗin buhu a kan haka, ka ga abin da za ka kai wa mai gida duk wata.

Yanzu a ce ka sa wani abu mai araha a gaba ya sauko da gas ɗin zuwa ppm 200 kafin ya iso gawayi. Kilo 100 ɗin nan zai haura shekara. Wannan shi ne abin da nake son ka riƙe: gawayi mai magani na share saura ne, ba na kwasar juji ba. Manya ma haka suke yi. A matatun mai, inda H2S ke fita da yawa, ana wanke gas da ruwan sinadarin amin, a tura abin da aka kama zuwa tsarin Claus, wanda Carl Friedrich Claus ya yi wa rajista tun 1883, a fitar da farar wuta a sayar. Gawayi sai a can ƙarshe, inda ake neman tsabta ta ƙwarai.

Abu mai araha a wurinka shi ne tsatsa. Tankin farko a cika shi da ɓarɓashin baƙin ƙarfe mai tsatsa gauraye da ɓarzajjen katako mai ɗan danshi, don gas ya sami hanya. Masu walda da masu lez a Panteka suna zubar da irin wannan ɓarɓashi, sai dai a wanke masa mai, a bar shi ya yi tsatsa sosai. Akwai kuma zuba gishirin ƙarfe, irin FeCl3, cikin ramin kansa ya kama farar wutar tun ba ta zama iska ba. Hanya ta uku ita ce hura 'yar iska kaɗan a saman ramin, wasu ƙananan halittu su cinye H2S su bar farar wuta manne a rufi. Wannan ta ƙarshen tana da riba biyu, domin ɗan oksijin ɗin da ya rage shi gawayi ke buƙata a gaba. A lissafi rabin yawan H2S ake nema na oksijin, a aikace ana ba da rara, amma duka bai wuce ɗan ɓurɓushi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na gas ba. Mitan yana fashewa in ya kasance kashi 5 zuwa 15 cikin iska, saboda haka wannan aiki ne na famfo mai awo da na'urar auna oksijin, ba na buɗe bawul da ka ba.

Hunturu da damina

A nan ne Kaduna ke da nata hali. Gas ɗin rami yana fitowa jiƙe sharkaf. Da damina, musamman Agusta, bututu yana sanyi da dare, ruwa ya taru ya gangara cikin tanki. Na taɓa buɗe gindin wani tanki ruwa baƙi ya zubo kusan bokiti biyu, ya wanke maganin ya tafi da shi, ramukan gawayin kuma sun nutse. Maganin wannan shi ne tarkon ruwa a mafi ƙasƙancin wuri a layin, a riƙa zubarwa kullum, sannan a bar gas ya ɗan ɗumama kafin ya shiga gawayi, don ya kasance da danshi amma ba ya ɗiga. Bututun da ya bi kusa da ɗumin janareto kan wadatar.

Masu tsotse iskar wari daga sarari kuwa matsalarsu a hunturu take. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska takan bushe ƙayau, siririn ruwan nan na cikin ramuka ya ƙafe, gawayin da ke aiki lafiya a Oktoba ya fara sakin wari. Sai a ce ya ƙare, a zubar da kaya mai sauran rai. Ga ƙura tana toshe saman gadon gawayin in babu matata a gaba.

Dutse na uku, lokaci, shi ne girman tanki. A harkar wari marar nauyi daƙiƙa 2 zuwa 4 kan isa, amma gas mai ɗaruruwan ppm yana son fiye da haka nesa ba kusa ba. Tanki dogo siriri ya fi gajere mai faɗi. Ka yi biyu a jere, da ƙaramin bawul na ɗaukar samfuri a tsakaninsu. Ranar da na farko ya fara saki, na biyu yana tsare da injinka, sai ka canza na farkon ka mayar da shi baya. Ta haka ake cinye ƙarfin gawayi duka. Kuma a shafe cikin tankin da abin da asid ba ya ci, ko a yi shi da roba mai kauri, don baƙin ƙarfe tsirara ba ya daɗewa.

Wuta

Duk aikin nan da gawayi ke yi yana fitar da zafi. Gawayi marar magani ba ya kamawa sai zafi ya kai wajen digiri 400, amma soda tana sauko da wannan zuwa kusan 200 da ɗoriya. Muddin iska tana ratsawa tana kwashe zafin, lafiya. Haɗarin yana zuwa ne idan fanka ta tsaya aka bar ƙofofi a buɗe, iska tana sulalowa kaɗan, ta isa ta ciyar da wuta amma ba ta isa ta sanyaya ba. Haka ta faru a wani wuri da na yi wa aiki: aka ɗauke wuta ranar Juma'a da yamma, ba wanda ya rufe bawul, ranar Litinin muka tarar fentin tankin ya kumbura, tsakiyar gawayin ja wur kamar na mai gasa tsire. In za a tsayar, a rufe shiga da fita. A sa ma'aunin zafi a cikin gadon, ba a jikin tanki ba.

Tsatsar da ta sha H2S ita ma tana ɗaukar zafi da kanta in ta ga iska, har ta iya kamawa, don haka a jiƙe ake kwashe ta, a baza a fili nesa da ramin gas. Jiƙaƙƙen gawayi kuma yana shanye oksijin ɗin da ke cikin rufaffen tanki. Kada kowa ya zura kai ciki sai an hura iska an auna.

Inda maganata ta tsaya

Aikina ya fi yawa a kan iska, ban kuma ga wurinku ba, saboda haka girman tanki da irin gawayin da za ka tsaya a kai sai an auna. H2S kuma ba ita kaɗai ce farar wutar da ke damun masana'antu ba. Akwai makaftan, dangin abin da ake ɗigawa a gas ɗin girki don a ji yoyonsa. Gawayi mai magani yana kama shi, amma yakan mayar da wani irinsa wani sinadari mai nasa warin, wanda sai gawayi marar magani ya fi riƙe shi, shi ya sa wani lokaci ake jera iri biyu. Akwai SO2 na hayaƙin tukunyar tururi mai ƙona baƙin mai, irin wanda masaƙun Kakuri suka yi amfani da shi a zamaninsu. A Jamus da Japan an gina manyan na'urori masu kama shi da gawayin kwal, ana gasa gawayin a wajen digiri 400 a sake amfani da shi, amma wannan ba aikin durom ba ne. Ƙaramar masana'anta gara ta wanke hayaƙin da ruwan farar ƙasa ko ta canza mai. In kuwa farar wutar a cikin ruwan datti take, gishirin ƙarfe da hura iska su ne kan gaba, kada kuma a kuskura a zuba asid a irin wannan ruwa, nan take zai saki gas ɗin.

Gawayin da ya gama aiki kada ya fita ƙofa a hannun masu share-share. Kamarsa ɗaya da gawayin wuta, wani zai kai wa mai guga ko mai gasa masara, farar wutar da ka sha wahalar kamawa ta koma SO2 a fuskar mutane. A zuba shi a durom mai murfi, a rubuta abin da ke ciki, a nemi dilan ya karɓa ko a tuntuɓi hukumomin kare muhalli, KEPA ko NESREA, kan inda za a kai shi.

Abin da za ka yi a makon nan, Malam: ka samo bututun gilashin nan na awo masu canza launi, irin na Dräger, da ɗan famfonsu na hannu. Ka auna H2S a bakin ramin da safe da yamma na kwana bakwai, ka rubuta yawan gas da injin ke sha a awa, ka duba littafin janareton ka ga iyakar da maƙerinsa ya yarda da ita. Ka ce wa dilan kuma ya ba ka takardar kayansa mai nuna sunan maganin da sakamakon gwajin D6646. Ka turo min waɗannan, sai mu fitar da girman tankunan tare.